Ranar da Na Yi wa Kare Ƙaho

Ko da zan manta yawan haƙoran da suka rage mini a baki, ba zan manta ranar da karena ya watsa kasuwar Ruma ba. Zamanin nan ne da muke kwana da kwari da baka a gefen shimfiɗa saboda harin mutanen Maraɗi. Ina sabon aure, ina ji da kaina a farauta, ga kare ja wanda zomo bai taɓa kufce masa ba.

Ana saura kwana tara a fita farautar rani, na shafa jikinsa na ji kullutu har uku. Biyu manya ne, ɗaya a wuya, ɗaya a haƙarƙari, sai wani ɗan ƙarami a cinya da ban ma kula shi ba. Shugaban mafarauta ya leƙa daga nesa, ya ce, "In bai warke ba kahin ranar hita, ka kai shi daji ka baro shi. Ba ya shahwa ma karnukanmu." Wallahi karen nan ya taɓa tare mini kura.

Maimakon in zauna in yi tunani, sai na shiga bin gari ina karɓar shawara, kuma duk wadda aka ba ni sai na aikata. Gwaggona ta ce kambun baka ne, na rataya masa laya, ya tauna ta. Maƙwabcina ya ce man shanu da toka, na lafta masa, karnukan unguwa suka yini suna binsa suna lasa. Matata dai kallona kawai take yi, don man shanun nata ne.

Daga nan na tafi wurin wanzami. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɗauke zabirarsa ya rungume kamar zan ƙwace.

"Yaro, askar da nike ma limami aski da ita? Wa zai sake miƙo mani kai?"

Da na matsa da roƙo, ya jefo mini wani tsohon ƙaho, ya ce kar in kuskura in dawo da shi. Ni kuwa na sha ganin yadda ake yi: a kafa ƙahon, a zuƙa da baki ta ɗan ramin sama, a toshe da kaki. Mene ne abin wuya a ciki?

Ranar kasuwa da hantsi na kankare gashin wuyansa da wuƙata, na kafa, na duƙa na zuƙa iya ƙarfina. Ina toshewa matata ta shigo da tulu, ta ga mijinta a durƙushe yana tsotsar kare. Ta saki salati, tulun ya fashe, karen ya zabura ya tsallake danga da ƙaho tsaye a bayan kunnensa.

Kai tsaye kasuwa ya nufa. Wani mai gishiri ya kurma ihu, "Kare mai ƙaho! Aljani ne!" Masu awo suka bar buhunansu, mahauci ya haye rumfa, rumfar ta rufto da shi. Wanzamin nan ma na hango shi yana gudu, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske. Ni kuma ina biye ina cewa nawa ne, abin da ya sa suka ƙara gudu ke nan.

Wata tsohuwar Bafulatana mai sai da nono ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta zuba masa nono a sakaina, ya tsaya sha, ta fizge ƙahon. Sannan ta yi abin da duk cikinmu ba wanda ya yi: ta sa yatsu ta lalluba kullutun ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, waɗannan biyun kitse ne. Ka ji suna yawo ƙarƙashin fata, ba zafi, bai ko kula ba. Ka bar su, sai in ka ga sun ƙaru ko sun yi tauri."

Tana taɓa na cinyar ya yi ƙara. Ta ce in riƙe bakinsa, ta gasa tsinken ƙarfe a wutar mai tsire, ta yi masa sakiya. Mugunya ta fito, da guntun ƙayar beguwa a ciki.

"Da an bari, wannan ne zai kashe shi," in ji ta.

Na ce, "Inna, Allah shi saka da alheri," idona cike da hawaye.

Karen ya fita farautar nan, ya kuma rayu shekaru da kullutunsa biyu. Ni kuwa wata guda matata tana ware mini ƙwaryar sha tana wanke ta sau bakwai. Tun daga ranar, kafin in yi wa ciwo magani sai na taɓa na ji inda yake da zafi, kuma wanda hannunsa ya saba da dabba nake tambaya. Kwana huɗu na yi ina yaƙi da kitse, alhali abin da zai raba ni da karena yana cinyarsa, ban ko dube shi ba.