Ranar da muka kashe injuna

Shekarun baya, bayan atamfar waje ta cika kasuwa har aka rufe masaƙar da nake wa aiki, na samu shiga wani kamfanin roba mai yin bokitai da butoci. Daga Gwale nake taka keke kullum. Ma'aikatan wucin gadi ne mu, babu takardar ɗauka, babu hutu. Idan ka yi ƙorafi, sai a nuna maka layin masu jira a bakin get.

Wata rana injin niƙa roba ya kama hannun abokina, wanda muka tashi lungu ɗaya, ya tafi da yatsu biyu. Injin ba shi da murfi, kowa ya sani. Da ya warke ya dawo, maigadi ya shaida masa an sa wani a gurbinsa. Ga matarsa da tsohon ciki.

Ma'aikata suka taru a wurin alwala, suka ce ni zan yi wa manaja magana, wai na fi kowa surutu. Na amsa da ƙarfi. Da na faɗa wa mahaifiyata, na zaci za ta hana ni, tunda da aikin nan muke cefane. Tana cikin tankaɗe ta ba ni amsa.

"In sun kore ka, tuwo ba zai gagare mu ba," in ji ta. "Amma ka je da ladabi, kuma kada ka je kai kaɗai."

Washegari muka kashe injuna, muka tsaya a ƙofar ofis. Dogon jawabin da na haddace a kan keke duk ya gudu, ni da ake kira mai baki.

"Ranka ya daɗe, ba faɗa ya kawo mu ba," na ce. "A sa wa injin murfi, a mayar da ɗan'uwanmu aiki."

Manaja ya ce kayan waje sun karya farashi, kamfanin ma da ƙyar yake numfashi, wanda ba zai iya ba ga hanya nan. Na san ba ƙarya ya yi ba, don na ga yadda ake rufe masana'antu. Amma babu wanda ya motsa. Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar. Daga bisani ya leƙo, ya ce a kira mai walda ya yi wa injin murfi. Abokina kuma aka ba shi kula da sito. Takardar aikin dindindin da ƙungiyar ma'aikata sai daga baya suka zo, da jan ƙafa.

Yanzu ina da ɗan shagona a Ƙofar Nassarawa, abokina kuwa yana can kamfanin, shi ke koya wa sababbi yadda ake tunkarar inji. In na tuna ranar nan, ba jarumtata nake gani ba. Abin da ya riƙe ni a tsaye shi ne numfashin mutanen da nake ji a bayana.