Ranar da Illo Ya Kwance Ɗori

Illo taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da izini. Gajere ne, ga taurin kai, kuma tun muna yara bai taɓa kayar da ni a kokawa ba, ko da yake shi zai ce muku ƙarya nake. Amma in maganar ɗori ce, duk ƙauyukan Dogarawa babu mai ja da shi. Gado ne. Kakansa maɗori, tsohonsa maɗori, shi kuma yana da shekara goma sha biyu anka fara ba shi ƙafar akuya ya gwada. Da damina gero, da rani albasa a fadama, amma ko yana tsakiyar noma anka kawo mai karaya, zai aje hauya ya wanke hannu.

Ga yadda ake yi a gidansu. A ja gaɓar a daidaita ƙashi, a shafa man shanu, a jera karan dawa kewaye, a naɗe da tsumma, sannan a ɗaure tam da igiya, ƙulli bakwai, kowane ƙulli da tofinsa. Daga nan ba a kwancewa sai kwana bakwai sun cika, ko da mai karaya zai yi kuka har muryarsa ta dushe. Tsohonsa ya gaya masa duk wanda ya kwance kafin lokaci ya zubar da tofin kakanni, ɗorinsa ba zai ƙara kamawa ba har ya mutu. Illo bai taɓa wasa da wannan magana ba.

A shekarar 2004 wani lokotoro, wato likita, matashi mai suna Habibu ya fara yawo ƙauyukanmu a kan babur, da littafi da igiyar awo. Bincike yake yi. Yana bin mutanen da sunka karye, na asibiti da na maɗora, har wata shida, yana auna gaɓar, yana duba ko ta miƙe, ko mai ita ya koma aikinsa. Illo ya ɗauka an turo shi ne ya hana su sana'a, sai ya tarbe shi kamar an aiko masa da jandarma. Ko tabarma bai ba shi ba. Bawan Allahn nan bai yi fushi ba, ya yi ta zuwa, har ranar da ya tsuguna gabansa ya ce:

"Malam Illo, na duba mutum talatin da ɗaya da ka ɗora. Yawancinsu ƙashi ya haɗe lafiya lau, ban zo raina ka ba. Amma biyu an yanke musu hannu, kuma ba karayar ce ta ci hannun ba, matsin ɗaurin ne. Gaɓa tana kumbura, igiya ba ta saki, sai jini ya rasa hanya."

Ya nuna masa abu guda. A danna farcen mai karaya har ya yi fari, a saki. In ja ya dawo nan take, jini na tafiya. In bai dawo ba, a kwance, a nufi asibiti. Da ya tafi Illo ya ce mini, "Ka ji fa, ɗan lakwal, ɗan boko, zai koya mini ɗori da farce." Munka yi ta dariya. Ni na ma fi shi ƙyaƙyatawa, Allah ya yafe mini.

Ni sunana Sallau, kabu-kabu nake yi da babur a Birnin Konni. Shekara biyu bayan wannan, ina dawowa daga Tsarnawa da hantsi, wata akuya marar mutunci ta gitta mini. Na kauce mata, na faɗi a kan hannun dama, na ji ƙas ƙasa da gwiwar hannu. Hannun da nake murza totur ke nan, da shi nake ciyar da matata Zulai da 'ya'ya huɗu. Mutane sunka ce asibiti, na ce atafau, can yanke hannu ake yi, a kai ni wurin ɗan'uwana. Illo ya dube ni ya ce, "Bawana, yau ka shigo hannu." Ya ja, na yi salati, ya ɗaure ƙullinsa bakwai.

Washegari bayan azahar na san akwai matsala. Zafin ba irin na jiya ba ne, kamar an tura hannun cikin murhu, yatsun kuwa sun kumbura sun yi sanyi. Baba Hamani, ƙanen tsohon Illo, shi ne babba a gidan, ya leƙo zaure ya ce, "Ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa. Yi haƙuri, namiji ne kai."

Illo ya sami wuri ya zauna. Ya daɗe zaune yana kallon yatsun, sannan ya matso ya danna farcena. Ya yi fari. Ya saki, fari ya tsaya. Ya kama hannuna na hagu ya danna, ja ya dawo kafin ya ɗaga yatsa. Ya koma na dama, sau uku yana gwadawa. Sai ya tashi ya ɗauko wuƙa.

Baba Hamani ya ce, "Illo, kwana ɗaya ne fa. Ka san abin da tsohonka ya ce."

"Na sani, Baba."

"Za ka zubar da gadon gida saboda maganar yaro mai littafi?"

"Baba, in gadon ya zube, hannuwana na nan, sai in yi noma. Shi wannan da me zai yi?"

Ya yanke ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Baba Hamani ya juya ya fita. Illo ya ɗora ni a amalanke har bakin kwalta, ya tsaya tsakiyar hanya ya tare motar haya, da direba ya zage shi ya rama masa ninki biyu, har dai anka matsa mana wuri.

A asibiti Lokotoro Habibu munka tarar. Bai ce "ai na gaya maka" ba, kuma don wannan kaɗai ina ganin girmansa. A ranar anka shiga da ni ɗakin aiki, anka tsaga fatar daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu don naman ya sami wurin kumbura. Bayan kwanaki anka ɗinke, anka gyara ƙashin, anka sa farin simintin nan nasu. Ya ce mana, "Da kun kai safiya, da sai yankewa. Yanzu hannun na nan, amma ko zai yi aiki, ban yi alkawari ba. Sai mun jira."

Wata biyu na jira, kuma tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. In Zulai ta ba ni tuwo a baki sai in kau da kai don kada ta ga idona. Illo kuwa duk wannan lokaci bai ɗora kowa ba, wanda anka kawo sai ya ce a wuce gaba. Kowace Juma'a yana zuwa da fura, ya zauna ya ce mini rago, wanda akuya ta kayar. Daga baya ya koma sana'arsa, ɗorinsa na kamawa kamar da, sai dai yana barin yatsu a waje, karayar da ta fi ƙarfinsa kuma shi da kansa yake raka ta asibiti. Baba Hamani har ya rasu bai daina ƙorafi ba. Amma wannan duk daga baya ne.

Ranar da anka fasa simintin, hannun ya fito siriri kamar ƙafar kaza, ga tabo dogo. Lokotoro ya buɗe littafinsa, don ni ma na shiga cikin mutanen binciken. Ya ce, "Malam Illo, ba shi hannunka. Sallau, matse."

Na umarci yatsun, shiru. Zufa ta keto mini. Illo ya sunkuyar da kai, bakinsa na motsi. Na sake gwadawa, sai babban yatsa ya lanƙwasa, manuni ya bi, sauran sunka biyo baya a hankali, ban da ƙaramin, wanda har yau a sandare yake. Na ji ɗumin tafinsa, na ji kantar hauya. Na matse da duk ƙarfin da Allah ya bar mini, kuma ƙarfin ko na jinjiri bai kai ba.

Illo ya ɗago, hawaye har gemu. Ya ce, "Sake ni, bawana. In ka karya ni, wa zai ɗora ni?"

Ban sake shi ba.