Ɗigon Lalle a Bayan Karta

A unguwar Balad, can ƙasa mai tsarki, aka haife ni, a can aka haifi mahaifiyata. Ni yarinya ce mai son littafi da kallon teku, kuma na gama sakandare da sakamako mai kyau. Sana'ar gidanmu lalle ce, kuma ba yabon kai ba, babu amaryar da na yi wa zane ta yi kuka da hannuna. Umma takan ce mini mu baƙi ne a garin da aka binne cibiyarmu, iƙama, wato izinin zama, takarda ce, laifi ɗaya ya isa ya yage ta. Ina jin ta, ina murmushi.

Lalle ne ya kai ni gidan wata Abla Samira a unguwar Abhur. Bayan la'asar mata kan taru a falonta na ciki, a rufe labule, a fito da karta. Ta kalli yatsuna ta ce irin waɗannan ba a bar su ga ƙafafun amare kawai ba. A ranar ta koya mini wasan da suke kira ashirin da ɗaya.

Wasan ba shi da wuya. Mai rabo za ta ba kowace mace karta biyu a buɗe, ta ba kanta biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a kife. Shayib da bint da walad, wato masu hoton tsoho da mace da saurayi, goma-goma ne, ikka kuwa, mai alama guda, ɗaya ce ko sha ɗaya, yadda ya fi miki. Mai son ƙari ta ƙwanƙwasa tebur, wadda ta ƙoshi ta ce halas, wato ya isa. Wadda ta haura ashirin da ɗaya ta ƙone, kuɗinta ya zama na gida, wato na Abla. Daga ƙarshe mai rabo ta buɗe tata, dole ta ci gaba da ja har ta kai sha bakwai, sannan a gwada. Na so wasan don ƙarar kartar tana zamewa a kan zane, kamar ruwa a bakin gaɓa.

Da fari rabo kawai nake yi, ana sallamata. Sai Abla ta fara ƙorafin cewa gida ba ya ci yadda ya kamata. Ba ta ce in yi komai ba, ni na kawo dabarar, kuma na yi alfahari da ita. Na ɗauki tsinken zane na ɗiga lalle a cikin furannin bayan kowace goma da ikka, ɗigon da bai kai ƙwayar riɗi ba, fari-fari, idona kaɗai ke gane shi. In na ga karta mai kyau za ta faɗa wa wadda ta zuba da yawa, sai babban yatsana ya riƙe ta, in zaro ta ƙarƙashinta. Na ga mace ta cire awarwaronta tana dariyar da ba ta kai ciki ba, na kau da kai.

Abin da na manta shi ne abin da nake faɗa wa kowace amarya: lalle ba ya nuna launinsa ranar da aka sa shi. Kartar ta sha ɗumin hannu da iska, ɗigon ya yi ta nuna a hankali, ni kuwa idona ya saba, ban lura ba.

Akwai wata dattijuwa 'yar unguwar Aziziyya, Hajiya Bilki, da ke rako 'yarta. Ba ta wasa, tana dai zaune da shayinta. Wata rana 'yar ta ƙone, sai Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauki shayib, ta juya bayansa, ta kai hanci, sannan ta dube ni.

"Ya binti, 'yar nan, wa ya kwaɓa miki wannan lallen? Ya nuna, mashallah. Da uwarki muka koyi sana'ar nan."

Ba ta ɗaga murya ba, amma sauran suka ɗaga. Faɗa ya kai ƙofa, maƙwabta suka kira shurɗa, 'yan sandan ƙasar. Abla ta ce ita ba ta san komai ba, mai lalle ce ta zo da kartarta.

Na yi zaman gidan yari, daga nan aka wuce da ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a fitar daga ƙasa. Umma ta zo sallama, ba ta yi mini faɗa ba. Ta riƙe yatsuna ta daɗe tana kallonsu, ta ce in je in nemi dangin kakanta a Kano, in riƙe salla.

Yanzu ina Kano, garin da ban taɓa gani ba sai a labari. Na tuba ga Allah, na koma zanen amare, kuma hannuna yana ciyar da ni ba tare da na sunkuyar da kai ba. Teku ne dai babu, Umma ma sai a waya.

Ƙannena mata da maza, kada ku zauna a teburin caca, ko a gaba ko a bayan karta. Kada wanda ya yabi hannunku ya zaɓa muku abin da za ku yi da shi. Kuma in zuciya ta ce muku ɗigo ne kawai, babu mai gani, ku tambayi mai lalle. Zai nuna.