Kuɗin Ƙwallo da Tirenmu na Juma'a

A ɗakin da muke haya a unguwar Al Nahda a Dubai muna da yawa, gado kan gado, kuma kowa da tukunyarsa. Ni da wani Badamagare ne kawai muka haɗa tamu. Aikina ɗaure kwali ne a Murshid Bazaar, a shagon wani mai aika kaya Kano. Shi kuma direba ne, yana jan motar wani sito a Al Warsan. Ƙarshen wata kowa ya kawo nasa, mu sayi shinkafa da mai da albasa. Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a shekarun nan, shi ke girki. Yana da hannu sosai, ga wani yaji da matarsa ke aiko masa daga gida, wanda yake ɓoyewa cikin gwangwanin madara. Idan muka sauko daga masallaci sai ya juye abincin a tire ɗaya, mu zauna a ƙasa tsakanin gadaje mu ci.

Wasan Kanawa da Damagarawa bai bar mu ba ko a Dubai. Kullum sai ya ce ni bawansa ne, ni kuma in ce da ba don Kano ba da har yanzu bai san takalmi ba. Sunan da ya laƙaba mini shi ne Alhaji Wasiwasi, alhali ko Makka ban je ba a lokacin. Ban ga laifinsa ba. Ni mutum ne da kan idar da alwala ya sake, don bai tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannu ba. Na sha kaiwa tashar bas in dawo duba gas. A shago kuwa, kwalin da na ɗaure sai na ja igiyarsa na sake ja, har maigidana ya ce, “Khalas, ya isa, ai ba gawa ba ce.”

Lokacin korona aiki ya ragu, aika kuɗi gida ma ya zama wahala. 'Yan kasuwa da yawa suka koma kirifto, wato kuɗin da ke zaune cikin waya, a wata manhaja da ake kira walat. Ni ma dole ta sa na shiga, don iyalina ba za su jira a buɗe gari ba. Karatuna bai wuce firamare ba, Turancina na ciniki ne. Saboda haka kafin in yarda da walat ɗin da zan sauke, sai da na sa mutane daban-daban suka karanta mini bayani ɗaya, in ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Wasu sun sauke nasu a tsaye cikin minti kaɗan, ni na kwashe makonni. Aka yi ta yi mini dariya a kasuwa. Daga baya kuma, idan wani zai buɗe nasa, sai a ce masa ya je wurin mai tsoron nan.

Wata Juma'a, bayan an dawo buga ƙwallo a Turai, mun gama cin abinci ina wanke tire, sai Badamagare ya biyo ni kicin ya tura ƙofa.

“Bawana, zo ka ga ikon Allah.”

Ya miƙo mini waya. Na ga launuka da sunayen ƙungiyoyin ƙwallo, da wata lamba a sama tana ƙyalli.

“Mene ne wannan?”

“Na ci. Duk wasannin da na zaɓa sun shigo.”

“Caca kake yi?”

“Kai, sassauta murya. Ƙwallo ce, habibi, sanin ƙwallo ne.”

Ya yi mini bayani. Shafin ba ya biya ta banki a nan, tunda caca haramun ce a dokar ƙasar, sai ta kirifto. Shi kuma ba shi da walat. Wani a wani zauren waya na masu irin wannan harka ya turo masa mahaɗi, ya ce ya latsa ya sauke, zai taimaka masa har kuɗin su fito. Amma hankalinsa bai kwanta da mutumin ba.

“Ara mini naka kawai. Su shigo, ka canza mini, shi ke nan.”

Ta wannan walat ɗin nake aika abin da 'ya'yana ke ci. Na tuna randar ruwan gidanmu, yadda mahaifiyata ke zubar da ita duka idan ta yi zargin wani abu ya faɗa ciki. Na ce masa ba zan iya ba.

“To zaɓa mini nawa. Kai ne malamin abin.”

“Bari in yi tunani.”

“Alhaji Wasiwasi zai yi tunani! Kafin ka gama an buga kofin duniya.”

Ya fita yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ni kuma ina tsaye da tire a hannu, wani tunani ya faɗo mini wanda ya fi na farko nauyi. Tun yaushe yake wannan abu? Kuɗin da yake kawowa na cefane, daga ina suke? Shinkafar da na gama ci yanzu fa?

Daga ranar na kasa sa hannu a abincinmu. Ban iya gaya masa dalili ba. Na ce cikina ne ba daɗi. Washegari na ce na ci a kasuwa. Na koma shayi da burodi a wani ɗan shagon Indiyawa da ke ƙasan gininmu, ina ci ina kallon ƙofa kamar ɓarawo. Da Juma'a ta zagayo ya yi girki kamar kullum, ya juye a tire, ya zauna. Na ce ina azumi. Azumin gaskiya ne, na ɗauka da gangan don kada in yi ƙarya.

“Azumin Juma'a ita kaɗai, malam? A wane littafi?”

Ya ci ɓangarensa, ya bar nawa yadda yake, kamar an ja layi a tsakiyar tiren. Ya rufe da faranti ya ajiye a kan gadona. Bai ƙara ce mini bawansa ba a wannan makon. Sai “ina kwana” da “sannu da aiki”, kamar wani baƙo. Wannan gaisuwar ta fi zagi yi mini ciwo. Mutumin da ya kwana yana jiƙa tawul yana ɗora mini a goshi lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni, yanzu muna wuce juna a ƙofar bayi da ladabi.

Akwai wani dattijo Basakkwace mai sayar da yadi a layinmu na kasuwa, wanda kan ja mu salla idan lokaci ya same mu a sito. Na same shi bayan la'asar, na faɗa masa komai ban ambaci mutum ba. Ya saurara yana naɗe yadi.

“Shi abokin naka, zuba kuɗi zai yi a cacar, ko kwaso su zai yi?”

“Kwaso su, baba.”

“Idan ka ƙi, zai fasa?”

“A'a. Wurin mutumin can zai je.”

“To kai ka san abin da ke damunka. Kada su shiga aljihunka, wannan ka yi daidai. Amma barin ɗan'uwanka a hannun macuci ba tsoron Allah ba ne. Ka zauna da shi, ka gaya masa gaskiya game da cacar, ka kuma tsare shi daga ɓarawo. Maganar abinci kuwa, ka tambaye shi?”

“Ina jin kunya.”

“Ka ji kunyar tambaya, ba ka ji kunyar barin mutum da tire shi kaɗai ba?”

Da yamma na tarar da Badamagare a kan gadonsa yana latsa waya. Na zauna a gefensa na ce ya kawo. Ya dube ni, ya miƙo mini wayar.

Mahaɗin da aka turo masa na fara gogewa. Na nuna masa cewa walat daga rumbun manhajoji na wayar ake sauke shi, kuma ko a can akwai na jabu masu kama da na gaske, har tambarin iri ɗaya. Muka zaɓi wanda ya daɗe, wanda na san mutanen da suka yi amfani da shi hannu da hannu. Da ya buɗe, manhajar ta fito da kalmomi goma sha biyu na Turanci. Na ce masa waɗannan su ne mukullin, duk wanda ya san su ya mallaki abin da ke ciki. Kada ya ɗauke su hoto, kada ya tura wa kowa, ko ni. Na juya baya har ya gama adana su.

“Har da juya baya? Kai fa matsala ne.”

“Ban son in sani. Idan wani abu ya ɓata, kada zuciyarka ta kawo ni.”

Muna cikin haka sai ga saƙon mutumin zauren. Ya ce idan an buɗe walat a turo masa kalmomin don ya haɗa shi da shafin. Badamagare ya karanta, ya yi tsaki, ya ce wata kalma da Faransanci wadda ban nemi fassararta ba, ya toshe lambar. Na sa shi ya fara ciro ɗan kaɗan tukuna, mu ga ko zai iso. Muka duba adireshin harafi bayan harafi, na sa aka sake dubawa. Muka zauna muna kallon waya. Ina addu'a a zuci, sai na tsaya, don ban san ko ya halatta in roƙi Allah kuɗin caca su iso lafiya ba. Can wayar ta yi ƙara. Sun shigo.

A nan na faɗa masa. Na ce caca ba alheri ba ce, ya sani na sani, kuma ina tsoron ranar da za ta jawo masa abin da zai raba shi da bizarsa. Sannan na sunkuyar da kai na ce abin da ya hana ni cin abinci ke nan.

Na ɗauka zai tashi. Sai ya fashe da dariya, irin ta da, har wanda ke gadon sama ya leƙo.

“Wane kuɗin caca ka ci? Kai Bakano! Ai ita ke cin nawa. Tunda na fara, ko dirhami ɗaya bai taɓa fitowa ba sai yau da ka fito da shi da hannunka.”

Ya share ido. Sannan murya ta sauka.

“Ranar albashi, kuɗin tukunya nake fara cirewa kafin in taɓa komai. Ka ɗauka kai kaɗai uwarka ta yi wa tarbiyya? Waɗannan ma ba za su shiga ba. Na rantse maka.”

Na ji sanyi a raina, amma halina bai bar ni ba. A hanyar kasuwa washegari na yi ta juya abin. A da ba komai a hannunsa, yanzu kuwa akwai. Idan ya canza su suka zama takardun dirhami, wa zai bambance su da na albashi? Walat ana gwada shi da ɗan kaɗan, igiya ana jan ta a ji ƙarfinta. Wannan kuwa ba ni da hanyar gwadawa. Rantsuwarsa kawai ke gare ni.

Juma'a ta zo. Tun daga matakala na ji ƙamshin yajin Damagaram. Da ya juye abincin, sai na ga nama ya fi na kullum yawa, har da ƙashi mai ɓargo a ɓangarena. Ya lura da inda idona ya tsaya. Ya ajiye cokalin girki ya harɗe hannu.

“Yalla, maza yi tambayar. Na ga tana yi maka yawo a maƙogwaro.”

Tambayar tana nan kuwa, har na shirya yadda zan jera ta. Na dubi naman, na dube shi. Shekarunmu tare bai taɓa rantse mini a kan ƙarya ba. Na wanke hannu, na zauna, na yi bisimilla, na ɗauki ƙashin.

“Gishiri ya yi kaɗan,” na ce.

“Ji bawa da baki! An ba ka ɓargo kana zaɓe.”

Abin da ya yi da kuɗin nan ban tambaye shi ba har yau. Na dai gan shi wata rana a shagon dattijo mai yadi, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, na wuce kamar ban gani ba. Ko ya daina cacar gaba ɗaya, ban sani ba. Abin da na lura da shi, daga baya idan ana ƙwallo yakan bar wayarsa a caji a kan gado, ya zauna yana zagin alƙalin wasa hannu wofi.

Ranar dai na cinye ɓangarena tas, har na ɗan tsallaka cikin nasa, ya buge mini hannu. Bayan na wanke tire na koma kicin na duba gas, na fito, na sake komawa.