Gyaran da Awartaki Ta Yi wa Awarwaro

Wai 'yar kawuna ta haɗiye awarwaron azurfa. Haka mai gyaran waya na shagon kusa da nata ya baza a layinsu. Kafin labarin ya iso gidanmu ya yi ƙiba, har ana cewa in tana tafiya ana jin ƙarar abin a cikinta. Jama'a, ku kwantar da hankalinku, ba ta haɗiye komai ba. Awarwaron dai ya kai bakinta, wannan ba zan rantse in kare ta ba, amma a haƙora ya tsaya.

A gida Awartaki muke ce mata, don tun tana ƙarama in ta mintsine ka sai ka kira sunan kakanka. Da waɗannan yatsun ta farke rediyon kawu, ta zare wayoyin ciki ta murɗa 'yan kunne. Aka yi faɗa har aka gaji. Daga baya ta yi karatun zane, wanda har yau ban gane yadda ake faɗuwa jarrabawarsa ba, ta kama wani shago da in ka yi atishawa a ciki sai bango ya ce maka sannu. Teburi ɗaya, fitila mai dogon wuya, guduma kamar ta 'yar tsana, magagari iri-iri. Zanen ƙarfen tagar kakarmu ta mayar da shi sarƙa, saƙar tsohuwar tabarma ta koma zobe, 'yan mata suna ta rububi a waya. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya ganin abu a karkace ta ƙyale. Ko hularka ce ta goce, sai ta katse zance ta daidaita maka.

Wani tsohon tela ne ya kawo mata awarwaron, ƙulle a ƙyalle. Siriri ne, ya yi baƙi, maɓallinsa ya karye.

"Na marigayiya matata ne. Ki gyara min shi, 'yata."

"An gama, Baba."

Iyakar maganar ke nan. To gyara a bakin tela, a mayar da abin da ya ɓalle ne, a bar riga yadda take. A bakin Awartaki kuwa, gyara shi ne abu ya fito kamar yau aka haife shi. Ta sa maɓalli, ta wanke baƙin. Sai ta hangi wasu 'yan lotsawa biyu a gefe, dab da juna, suna hararar ta. Ta bubbuge su ta ciki, ta bi da magagari, ta goge har tana ganin hancinta a jiki.

Ranar karɓa, da hantsi, wayarta ta yi ƙara.

"'Yata, ina cikin mota, ga ni nan tafe. Tsufa ya sa na manta ban gaya miki ba. Akwai ɗan shati a gefe, ki bi shi a hankali wajen wanki. Haƙoran ɗanmu na fari ne, sa'ad da suke tsirowa. Bai kai yaye ba ya koma. Ko hotonsa ba mu da shi."

"To, Baba."

Abin da ya iya fitowa ke nan. Ta jawo fitila, ta juya awarwaron sama da ƙasa. Sumul. Ta bi shi da farce, ko Allah zai sa wani ɗan gurbi ya tsira. Sumul. Ta dubi garin azurfar da ya zuba a bakin teburi.

Ta yi tunanin ta ja ƙofa ta kashe waya. Ta yi tunanin ta ce bai gamu ba, ya dawo wani satin, amma wani satin ma sumul zai tarar. Ta ɗauki ƙaramin kurfin sassaƙa ta ɗora a wurin, ta ɗaga guduma, ta sauke ba ta buga ba. Saran ƙarfe daban, cizo daban, kuma mutumin da ya tsufa yana shafa abu da yatsa ba za a yi masa wannan wayon ba. Kowace mota ta tsaya a bakin titi, sai ta leƙa ƙofa.

Sai shaiɗan ya raɗa mata cewa ai ita ma tana da haƙora.

Ta kai awarwaron baki. Sanyi, da ɗacin man gogewa. Ta ɗora haƙoran ƙasa daidai wurin, ta runtse ido. Ciza kawai ya rage, azurfar ba ta da kauri. Muƙamuƙin ya ƙi. Tana nan a haka, hawaye na bin kumatu, mai gyaran waya ya leƙo neman aron tsintsiya, ya gani, ya juya da labari. A bayansa kuwa tsohon ne tsaye yana sallama.

Ta cire shi daga baki, ta goge da gefen mayafi. Ko kujera ba ta iya nuna masa ba.

"Baba, na goge shatin. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Ya miƙa hannu, ta ɗora masa. Ya bi da'irar da babban yatsa, a hankali, ya kai ƙarshe ya sake dawowa, kamar mai laluben ƙofa a ɗakin da ba nasa ba. Yatsan ya tsaya a wani wuri da babu komai.

"Nan ne," in ji shi. "Da nan."

"Zan iya sassaƙa makamancinsa, Baba, in ka yarda."

"A'a." Ya ɗago ya dube ta. "Cizawa za ki yi ɗazu?"

"Na yi niyya."

"Da na gane. Naki sun yi girma. Nasa kamar ƙwayar shinkafa suke."

Ya gwada maɓallin, ya buɗe, ya rufe, ya ce ya yi kyau. Ya ƙulle awarwaron a ƙyallensa, ƙullin ya ƙi, ita kuma ba ta yi gigin taya shi ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ni na ce ki gyara. Ke ma kin gyara."

Ya tafi. Bai sake biyowa ta layin ba.

Yanzu in ka kai mata ko allura ce ka ce a gyara, sai ka sha tambaya kamar a gaban alƙali. Wannan karcen na waye? Wannan lanƙwasar fa, a bar ta? Rannan na shiga na same ta tana tsare wata baiwar Allah a kan tabon zobe. Da matar ta fita, na miƙa mata goshina na ce, "Awartaki, ga fuskar yayanki, a gyara. Amma fa kada a ciza."

Ko ɗagowa ba ta yi daga kan magagari ba.

"Kai ai aikinka mai sauƙi ne. Ko an goge ka gaba ɗaya, babu mai zuwa yana laluben inda kake."