Tokar Ƙofar Ɗakin Hamida

Toka aka barbaɗa a bakin ƙofar ɗakin, laushi kamar an tankaɗe ta da rariya. Duk masu shiga da fita gidan da yammacin nan ba wanda ya kula sai Hamida. Ta dubi tokar, ta dubi Gwaggo Hajaratu da ke tsintar wake ta ƙi ɗaga kai, sai ta gane.

Hamida tana yarinya 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke bayan Ruwan Godiya, ta faɗa daji ita kaɗai. Wata tsohuwar Bafulatana ce ta tsince ta, ta ɓoye ta a ruga, duk da 'ya'yanta na cewa yarinyar masifa za ta jawo musu. A can ta koyi tatsa da Fulatanci. Da rugar ta watse, ta faɗa hannun wasu Gwarawa manoma can gaba da Sabuwa, ta koyi ɗaukar kaya a kafaɗa. Duk inda ta je, sai an gwada ta kafin a ba ta tabarma.

Yanzu ga ta budurwa a Mabai, gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinta Mani, amma garin bai saki jiki da ita ba. Wa ke shiga dajin nan ya fito da rai? Wasu suka ce infoma ce, da dare take kai wa ɓarayi labari. Mata a bakin rijiya suka ce Hamida ta daɗe da mutuwa, wannan aljana ce, har yara na leƙen ƙafarta ko za su ga kofato. Mai unguwa Malam Gide ya gaya wa Gwaggo, muddin aka tabbatar tana fita, za a miƙa ta ga 'yan sa-kai.

Tsallake tokar ba zai yi mata wuya ba. Fita kuwa tana fita, domin akuyar gidan ta ƙi ɗanta, kullum kafin asuba sai ta je ta riƙe ta ya sha. Ta cire takalmi, ta taka tokar da kyau, tafiya da dawowa.

Da hantsi Malam Gide ya yi sallama.

"To Hajiya, ta fita?"

"Ta fita, Malam." Gwaggo ta bi farin sawun da ido har turken awaki. "Wurin ɓarayin ta je. Ga babbarsu can tana tuƙa."

Bai yi dariya ba. Gwaggo ta tsuguna a kan sawun. Babban yatsan ya ware can gefe, nesa da sauran.

"Ƙafar Yaya Mani ce wannan," in ji ta. "Shi ma takalmi ba ya zama masa."

"Dare ɗaya ne fa, Hajiya. Mutane ba za su yi shiru ba."

"Su zo su barbaɗa tasu. Ɗiyata tana nan gidan ubanta."

Malam Gide ya juya zai fita, amma sai da ya saci kallon ƙafar Hamida. Ta gan shi. Ta ɗauko tsintsiya ta tattara tokar a kasko, ta zauna gindin murhu ta goge tukunyar tuwo da ita.