Takardun Yaya Sule da Aka Binne

Damina goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Sule, telan bakin kasuwar Gaya. An ce in yi masa addu'a in yi shiru. Addu'a na yi, shirun ne ba zan iya ba.

Yaya ya yi shekara huɗu yana bin tsofaffin da suka yi yaƙin basasar Kano, wancan na zamanin kakanninmu. Sai ya rufe keken ɗinki ya hau na hawa, yau Kademi, gobe Gafasa, ran kasuwa Ajingi. Waɗanda aka ci da yaƙi sun fi wuyar magana. Wani tsoho sai da Yaya ya yi wata uku yana kai masa goro kafin ya ɗaga riga ya nuna tabon kibiya, ya ce ɗan kawunsa ne ya harbe shi, kuma daga baya sun yi noma a gona ɗaya shekara talatin. Yaya ya rubuta da ajami, in ya dawo ya karanta mini ina tankaɗe.

Ranar sadakar arba'in aka buɗe adakarsa. Kawu Isa ya ga kowane shafi da bisimilla a kansa, gara kuma ta fara ci. Ya ce a binne, kada sunan Allah ya zube a taka. Na ce, "Kawu, labarin mutane ne a ciki." Ya ce, "Ke da ba ki san alif ba?" Malamai biyar na zaune, babu wanda ya karanta ya wuce layin farko. Bayan rumbu aka haƙa rami. Ina tsaye.

Wannan magana ta Kawu ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci ina da jika. Aka yi ta dariya, wai an girma ba a san karatu ba. Na san shi yanzu, amma rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar an yi wata basasar an gama. Sojojinta suna zaune a tashar mota, wani ba ƙafa, kuma ban ga mai tambayarsu komai ba. Za a jira su tsufa, sannan a zo da mota daga birni ana neman “tarihi”.

Kawu ya rasu, na yafe masa, don tsoron Allah ya yi. Malaman nan ne ban gama da su ba.

Tsofaffi fiye da ashirin Yaya ya rubuta, huɗu suka tsaya mini a ka: Baba Ɗanjuma mai tabon kibiya, Barau Makeri, Audu Gajere, da Tanko na Gafasa. Ga su nan a jarida. Wanda zai binne wannan, sai ya bi gari gari.

Hajiya Ladi, Gaya